Direban da Ya Tsaya a Burtali

Ranar da aka wayi gari babu bijiman Elhaji Amani, ko koko ban kai ga sha ba aka aiko kirana. Ba darajata ta sa ba, darajar babur ɗina ce. Sunana Na'Allah, ni ke goya Mainassara mai bin sawu duk inda aiki ya kira shi. Taubashina ne, ɗan kawuna. Idonshi na nan garau, amma gwiwoyin sun daɗe da yi mishi tawaye, ga shi da nauyi kamar buhun gero.

"Ka rage tuwo," na ce da ya hau.

"Ka sake taya," ya ce. "Mu tafi."

Garken Elhaji yana bayan gari. Kafin mu isa rabin Dakoro sun riga mu, kowa na tattake ƙasar da aka kira mu mu duba. Kai, mutanenmu! An yi ruwan farko da yammacin jiya, ƙasa ta kwanta lumui, ko ƙadangare ya wuce sai ya bar shaida, su kuwa sun mai da wurin filin rawa. Bijimai uku aka kwance, waɗanda Elhaji ya yi rani yana turkawa. Jama'a har sun gama shari'a. Sun zaunar da Maraya, Bafillacen da ke kiwon Elhaji, a gindin adua, an ɗaure mishi hannu da igiyar maraƙi.

"Ga sandarshi a bakin turke," in ji Elhaji, yana huci. "An tambaye shi inda ya kwana, ya yi gum. Ranar kasuwa mai zuwa zan miƙa shi jandarma, in bijimaina ba su fito ba."

Mainassara ya bar su nan. Ya zaga ta bayan shinge inda ƙafar ƴan kallo ba ta kai ba, yana dogara sanda, ni ina biye. Can ya tsuguna da ƙyar, ya tsinci wani abu a yatsa, ya shinshina.

"Elhaji, dusa kake ba su a waje?"

"A kwami nake ba su, cikin garke."

"To, da dusa aka ja su. Ga ta nan an bi ana barbaɗawa. Maraya, in kana son bijiman nan su biyo ka, mi kake yi?"

Maraya ya ɗago kai. "Kira nake, Baba. Sun san muryata."

"Wanda ya kwance su ba su san muryarshi ba."

Wani ya ce ai wayon ɓarawo ke nan. Elhaji ya ce ba za a kwance kowa ba sai ya ga shanunshi. Daga baya muka ji inda Maraya ya kwana: zance ya je wata ruga, wurin wata bazawara, kunya ta hana shi faɗi gaban manya. Shi ya gwammace ɗauri da a yi mishi dariya.

*

Sawun ya kai mu wani tudu inda aka jingina bayan kamiyo, babbar motar kaya, aka loda bijiman. Nan shanu sun tumurmushe komai, babu ƙafar mutum da za a iya karantawa. Tayoyin suka ɗauki hanyar rairayi mai yin wajen Ɗan Gulbi, suka bar gudron, wato kwalta. Muka bi a hankali, yana leƙowa ta kafaɗata.

Ba mu yi nisa ba muka iso burtali, hanyar da aka keɓe wa shanu tsakanin gonaki, mai turakun siminti ja da fari dama da hagu. Ya dake ni a baya.

"Tsaya."

"Ka tsai da ni da baki mana, ni jakinka ne?"

Ya sauka. Ni ma da ban san komai ba na ga abin. Tayoyin sun nutse dab da turakun, ga ɗigon baƙin mai a tsakani, alamar motar ta tsaya cik har ta jima. Sai ga sawun mutum ya sauko daga gefen direba. Ya tako zuwa tsakiyar burtali, ƙafafun suka juya gabas, suka juya yamma. Ya ƙetara ɗaya gefen, ya yi ƴar tafiya kamar mai auna fili, ya komo ya hau. Motar ta wuce da tafiya ɗaya, babu fizga, babu inda taya ta tona ƙasa.

"Fitsari ya sauka yi," na ce.

"Ina jiƙon?"

"To shanu ya tsaya wa."

"Babu abin da ya ratsa burtalin nan bayan ruwa, ko akuya."

Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Mutum ya ɗauko kayan sata, maimakon ya taka wuta, ya tsaya yana duban hanyar da babu kowa? Na waiwaya in faɗa mishi haka, sai na gan shi gurfane gaban sawu ɗaya, na ƙafar hagu, wanda yatsun suka ɗan karkato ciki. Ya sa tafin hannunshi a ciki ya bar shi nan. Ya daɗe. Da ya miƙe na ga ya ɗaga sandarshi bisa sawun kamar zai share shi. Sai ya sauke ta gefe. Ya tsinko wani fasasshen ƙoƙo a bakin gona ya kife a kai.

"Ka san mai shi?" na tambaya.

"Mu koma gari," ya ce. Har muka iso bai ƙara zagin babur ɗina ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

*

Masu dusa da kamiyo a garin nan ba su da yawa, don haka hankalin kowa ya koma kan Harouna. Shi ke ɗauko dusa daga Maradi, kuma zanen tayarshi ya yi daidai da wanda muka gani. Muka iske shi a tasha, ƙarƙashin mota, ƙafafu kaɗai a waje.

"Na ji ana cewa ni ne," ya ce daga can ciki. "Taya irin wagga kowa ita yake sa wa, Baba Mainassara. Ku je ku kama duk direbobin Maradi."

"Ba kama ka na zo yi ba. Ɗauke mu za ka yi, ka kai mu bayan burtali ka maido mu."

Wallahi ban taɓa nadamar shiga mota irin ta ranar ba. Harouna ya ƙure rediyo, yana tuƙi da hannu ɗaya yana ba da labari da ɗayan. Da muka iso turakun ko rage gudu bai yi ba, muka yi sama muka dawo, kaina ya bugi rufi, hulata ta faɗa tsakanin ƙafafunshi.

"Kai, ɗan nan, kashe mu za ka yi?" na ce.

"Kawu, ai in ka rage a rairayi sai ka kafe."

Mainassara ya kashe rediyon. "Harouna, wane irin direba ne zai tsaya cik a nan, ya sauka, ya duba gabas da yamma, ya ƙetara ya auna gaba, sannan ya wuce?"

Harouna ya yi dariya. "A nan? Sai mai taɓin hankali. Wannan ai aikin hanyar jirgin ƙasa ne, can kudu cikin Najeriya. In ka iso dogo da babbar mota, ka tsaya, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi ka saurara. Ka tabbata akwai filin da zai ɗauke motarka duka a wancan gefe, don kanka na iya wucewa gindinka na bisa ƙarfe. In ka hau kuma ba a sauya giya, kar ta mutu maka a kai. Haka aka koya mana. Amma sauka a taka da ƙafa, ko can ban ga mai yi ba, sai dai wanda jirgi ya taɓa..."

Sai ya haɗiye sauran. Ya tuna wanda ke zaune kusa da shi. Ni ma sai a lokacin na gane.

Duk Dakoro ta san labarin. Mainassara ƴaƴa biyu maza Allah ya ba shi. Tanimu, ɗan fari, direban babbar mota ne mai kai shanu kudu. Ƙanenshi Zakari ya bi shi koyon mota, yana zama a baya wurin shanu. Wata rana a wata mararrabar dogo, Tanimu ya bi bayan wata mota ya hau, ta gaban ta tsaya, babu wurin matsawa. Kan motar ya tsira, bayanta na bisa ƙarfe jirgi ya iso. Can aka rufe Zakari. Tanimu ya fita ko ƙwarzane babu, amma bai sake tako Dakoro ba. Ya aiko a ce wa uwarshi ba shi da idon da zai dube ta. Shekaru suka yi ta wucewa, wani ya ce ya gan shi Agadas, wani ya ce Kwatano, lambar wayarshi ta daina shiga.

Don ya kau da zancen, Harouna ya ce, "Ni fa yanzu dusa ma ba ni ke ɗaukowa ba. Abdurrazak dillali ya ƙwace cinikin. Wata kamiyo yake haya daga Maradi, tana sauke mishi a sito bayan gari. Direban ko tasha bai shigowa, kullum fuska cikin rawani. Jajibirin kasuwa take zuwa, ta hanyar rairayi."

Abdurrazak baƙo ne, bai fi damina biyu a garin ba, amma ya riga ya zama na hannun daman Elhaji. Shi ya fi kowa ɗaga murya da safe cewa a ɗaure Maraya.

*

Na kai Mainassara gida, na zauna cin tuwo ba a gayyace ni ba, kamar kullum. A'ishatu matarshi tana bakin murhu tana murza ƙuli-ƙuli. Ita da shi, tun da aka haifi Tanimu ban taɓa jin sunan a bakinsu ba. Ɗan fari ne, kunya ba ta bari. Sai dai "yaron nan", ko "wancan". Da ya tafi ma haka suka ci gaba, suna kewarshi babu suna. Ɗakinshi na zaure kuwa kullum a share yake, na sha ganin ta fito da tabarmar ta shanya ta mayar.

"Yau da sabon ƙuli-ƙuli?" na ce. "Ina na shekaranjiya?"

"Ya ƙare tas. Jiya Abdurrazak ya zo ya kwashe tire guda, wai direbanshi ya aiko shi. Direban ya kwatanta mishi gidan ga, har da itacen bedi na ƙofa, ya ce in ba na nan ba kar ya sawo." Ta yi ƴar dariya. "Har da cewa a zaɓo masu ƙuna-ƙuna. Ni tun bayan yaron nan ban ga mai son..."

Hannunta ya tsaya cikin tunkuza. Ta dubi mijinta. Shi kuwa ya ƙura wa akushi ido.

"Malam."

"Na'am."

"Malam, ka ga wani abu yau?"

"Na ga ƙafarshi," ya ce. "A burtali. Ta hagun nan da na yi ta fama ya miƙe ta yana ƙarami."

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. "Yana da rai," ta ce. "Ya zo har bayan gari. Ya ci abin hannuna, bai shigo ba." Can ta ce, "Ya rame?"

"Sawun ya fi na da rashin nauyi."

"Motarshi ce ta ɗauki bijiman?"

"Ita ce."

"Wa ya sani?"

"Mu uku."

Ta dube ni, ta dube shi. Na san abin da ke bakinta, ni ma shi ne a nawa. Iska ɗaya ta isa ta shafe sawun nan. Amma ga Maraya ɗaure a gindin adua.

"In na yi shiru, ɗan wani za a kai kaso," in ji Mainassara. "In na yi magana, wataƙila namu. Kuma in na yi shiru, zai zo ya wuce ta bayan gari, ya sake zuwa ya wuce, har mu mutu."

A'ishatu ta share hannu a zane. "Ka kawo mini shi," ta ce. "Ko da igiya a hannunshi, ka kawo mini shi in gan shi."

*

Da jajibirin kasuwa ya zagayo, da la'asar Mainassara ya tara su a burtali. Elhaji Amani ya zo da Abdurrazak a motarshi, aka taho da Maraya, Harouna ya zo, da jandarma guda da Elhaji ya kira. An ɓoye motoci bayan geza, muka zauna a inuwar wani gawo kusa da turakun. Ba a gaya wa Abdurrazak abin da ake jira ba, sai tambaya yake yana duban hanya.

Mainassara ya ɗaga ƙoƙon nan ya nuna musu sawun. Ya faɗi zancen dusa, ya faɗi tsayuwar motar, ya sa Harouna ya maimaita abin da ake yi a hanyar jirgi.

"Abdurrazak, motar da ke kawo maka dusa, da mi ta koma wancan zuwa?"

"Wayam ta koma. Ni ban san wani direba mai tsaye-tsaye ba." Hannunshi ya tafi aljihu.

"Bar wayar nan inda take," in ji jandarman, ya miƙa hannu ya karɓe ta.

"Wai tare hanya za mu yi?" Elhaji ya tambaya. "In ya gan mu ya taka wuta fa?"

"Ba sai mun tare ba. Zai tsaya da kanshi."

"In bai tsaya ba?"

"In bai tsaya ba, na yi ƙarya, ku bar kirana bin sawu."

Muka yi ta zama. Ni ƙafata har ta yi sanyi. Mainassara ya kafa ido kudu, bakinshi na motsi, ban sani ba ko roƙo yake motar ta zo ko kar ta zo.

Sai ga ƙura. Kamiyo ce shuɗiya, tana tafe da nauyinta. Tun daga nesa muka ji ta rage. Ta iso dab da turakun ta tsaya cik, daidai inda ɗigon man nan yake. Kiɗan da ke ciki ya ɗauke. Gilashi ya sauka a hankali, wani mai rawani ya karkato da kunne waje yana sauraro. A Dakoro, inda ko ƙarfen dogo ba a taɓa shimfiɗawa ba, bawan Allah yana sauraron jirgi. Hawaye ya zo mini, ba zan ɓoye ba.

Ya buɗe ƙofa ya sauko, ya tako tsakiyar burtali. Ya dubi gabas. Da ya juyo yamma sai ga tsoho tsaye da sanda.

"Tanimu," in ji Mainassara.

Gaban Elhaji, gaban jandarma, gaban kowa. Sunan bai saba da bakin ba. Sai ya sake faɗi da ƙarfi. "Tanimu!"

Mai rawanin ya durƙushe nan cikin rairayi. Ya janye rawanin, sai ga furfura a gemun yaron da na goya a wuya. "Baba," ya ce.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni gaskiya. Mi ka ɗauka daga nan wancan zuwa?"

"Bijimai uku. Na Abdurrazak ne, ya ce saye ya yi. Shi da mutanenshi suka loda, ni ina cikin mota ban sauko ba, kar wani ya gane ni. Na sauke su gidan wani mahauci a Maradi, zan iya kai ku."

"Ba ka yi mamakin lodi a bayan tudu ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi. Ban tambaya ba, Baba. In na tambaya zai sake mota, ni kuwa aikin ga ne kaɗai ke kawo ni inda nake hango bedin gidanmu."

Abdurrazak ya fara rantse-rantse, ya ce bai taɓa ganin wannan mutum ba, alhali buhunan da ke motar duk da sunanshi. Elhaji ya cire takalmi zai kai mishi duka, Harouna ya riƙe shi. Ni na kwance Maraya da hannuna. Elhaji ya rasa inda zai sa ido, sai cewa yake, "Ka yi haƙuri, ka yi haƙuri." Maraya ya murza wuyan hannunshi ya tambaya ko an ba sauran shanun ruwa.

Jandarman ya ce da Abdurrazak da direba duk za su bi shi, sai an ga bijiman a san matsayin kowa.

"Ba na hana ka aikinka," in ji Mainassara. "Amma hanyarku ta ƙofar gidana ta bi. Uwarshi na jira."

Jandarman ya dubi tsohon, ya dubi Tanimu. Ya ce, "Kar dai a daɗe."

*

Rana na shirin faɗuwa muka iso. Ƙamshin suya ya tarye mu tun daga bakin lungu. Mainassara ya shige gaba, ni ina bayan Tanimu don kar ƙafarshi ta canza shawara. Ya wuce gindin bedi, ya ratsa zaure, ya ga ɗakinshi a buɗe an shimfiɗa tabarma.

A bakin ƙofar tsakar gida ya tsaya cik. A'ishatu na tsaye ɗaya gefen, tire a hannu, duk masu ƙuna-ƙuna ne. Tsakaninsu babu komai sai dokin ƙofa. Na ga kanshi ya juya dama, ya juya hagu.

"Inna," ya ce, "Zakari... ni na hau. Ban duba gaba ba."

"Na sani. Wanda ya ba ni shi ya karɓa, na haƙura da wannan tuntuni. Kai ne ban haƙura ba."

Ya ɗaga ƙafar hagun nan, ya mayar.

Ta ajiye tiren a ƙasa, ta miƙo hannu biyu.

"Babu jirgi a nan, Tanimu," ta ce. "Ƙetaro."